Ƙullun da Aka Rataya a Itacen Lemo

Mirna, matar yayana Tanyus, ba ta iya ganin abu a inda ba ta ajiye shi ba. Washegarin idin Baftismar Almasihu, tun ba mu karya ba, ta sauke itacen Kirsimeti, ta naɗe fitilu a jikin kwali don kada su harɗe, ta jera 'yan tumakin ado na komin haihuwar Almasihu a kwalin ƙwai. Wai baɗi ba za mu sha wahalar bana ba. Ni dai kallonta nake yi, don a birnin Beirut ta girma, kuma ba a gaya mata ta ji.

Da hantsi Mama ta ƙwala mini kira daga kan gadon jinyarta, ta ce in sauko mata da ƙullunta.

A ƙauyenmu, ranar jajibirin idin, uwar gida kan kwaɓa fulawa ba yis, ta ɗaure a ƙyalle, ta rataya a reshe. Almasihu yana wucewa ya sa masa albarka, ya kumbura, da shi ake tayar da burodin shekara. Mama da ko cokali ba ta iya riƙewa, da kanta ta kwaɓa na bana, ina tallafe da ita.

Na fita wajen itacen lemon da muka rataya shi. Reshe wayam. Na koma ciki ina cigiya.

"Wani tsumma mai tsami? Na haɗa shi da shara," in ji Mirna, tana manna wa kwali takarda.

Garin neman gira an rasa ido. Tanyus ya zura da gudu bakin titi da silifas cikin ruwan sama, ya dawo ya ce motar shara ta riga ta wuce. Ya ja ni kicin yana raɗa, wai mu roƙi maƙwabciya ta gutsuro mana nata, Mama ba za ta gane ba. Na ce ƙarya a kan abin albarka, ba da ni ba. Muna cikin musu Mama ta sake kira, muryarta a shaƙe.

Mirna ce ta wuce mu ta shiga. Ta durƙusa a bakin gado, ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Na tsaya a ƙofa ina jiran tsawa, kuma gaskiya so nake a yi mata ita.

Mama ta juyo ta dubi Mirna.

"Ɗauko fulawa da kwano, 'yata," ta ce.

"Mama, ai idin ya wuce."

"Na sani. Zo in nuna miki yadda ake kwaɓawa tun ina iya magana. Ba ke ce mai shirin baɗi ba? Baɗi ke za ki rataya."

Tanyus ya juya ya fuskanci bango. Ni na je na ɗauko kwanon.