Sasanci a Ƙofar Gidan Malam Abu

Bara'atu na tsugune a madafa tana raba shinkafa a farantai, Na'ima ta shigo da sauri ta kama mata gefen zane.

"Anti, zo ki ji."

"Bari in sallami abincin maza tukuna. Baƙi ne daga nesa."

"Ai maganarsu ce."

Ranar sadakar ukun mahaifin Bara'atu ce, Malam Abu na Farin Dutse, wanda rabin garin a gabansa suka yi karatu. Tun safe ake ta sauke mutane. Har daga Yalwan Damai, inda take aure, inda kuma take neman takarar kansila, 'yan jam'iyya sun ciko bas. Da aka gaya mata sai da ta ji sanyi a ranta. Ta ce ashe dai suna ganin mutuncinta.

Na'ima, wadda ke raka ta shiga gidajen mata tun farkon tafiyar, ta ja ta bayan rumbu.

"Ba gaisuwa suke yi ba. Ina cikin zaure na ji shugaban mazaɓa, Alhaji Sabo, yana cewa tunda Allah ya tara manyan jam'iyya wuri ɗaya, a yi sasanci yanzu. Wai ba sai an yi layin zaɓen fidda gwani ranar Asabar ba. Saifullahi za su ba takarar."

Saifullahi. Ita ta koya masa riƙon fensir a aji ɗaya.

"Ina Baban Nasiha?"

"Mijinki na cikinsu. Kansa a ƙasa."

A da ma 'yan jam'iyyar sun sha zuwa wajen Malam don ya hana ta takara. Kullum amsarsa ɗaya ce: su nuna masa inda ta saɓa, in babu, su sha ruwa su kama hanya. Yana raye ba wanda ya iya ɗaga maganar sasanci. Yanzu ga su a inuwar ƙofarsa, suna jiran abincin gidansa.

Daga waje wata murya ta ɗaga: "Fatiha!"

Matan da suka cika tsakar gida suka ɗaga tafuka suka shafa, ba su san abin da aka ƙulla ba. Bara'atu ba ta ɗaga nata ba. Ta zari hijabi daga kan igiya.

Mahaifiyarta, Inna Sabuwa, na zaune a bakin ƙofar ɗakin takaba. Ido ɗaya ta yi mata ta gane.

"Ina za ki?"

"Ƙofar gida, Inna."

"Yau? Ƙasar kabarin ubanki ko bushewa ba ta yi ba."

"In suka tashi an gama ke nan."

"To a gama mana. Kujera ce fa, Bara'atu. Kar ki sa a ce 'yar Malam ta keta maza ranar ukunsa."

"Shi ya ce in tsaya."

"Shi yana da bakin kare ki. Ni ba ni da shi."

Bara'atu ta ɗan tsaya. Sannan ta wuce.

Rana ta doke ta a fuska. Maza ne maƙil a ƙarƙashin rumfa. Ta yi sallama, 'yan kaɗan suka amsa, su ma ciki-ciki.

"Alhaji Sabo, na ji ana maganata ba ni a wurin."

Alhaji Sabo ya gyara zaman hularsa. "Malama, Allah ya jiƙan Malam. Koma ciki, za mu aiko miki."

"Ai na riga na fito. A faɗa mini a nan."

"Maslaha aka yi, don haɗin kan jam'iyya. Ga maigidanki nan, bai ce a'a ba."

Ta dubi mijin nata, Datti. Carbinsa yake ja kamar ba da shi ake ba.

"Shi ke takara? Matan da suka ce za su tsaya a bayana ranar Asabar fa, wa ya tambaye su?"

Saifullahi ya miƙe yana murza hannu. "Malama, wallahi ni ba ni na nema ba."

"Zauna, Saifullahi. Ba da kai nake ba."

Ta shirya wa tsawa. Ta shirya wa zagi ma. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Wani dattijo ne kawai ya ce, "Subhanallahi," ya laluba takalminsa. Na kusa da shi ya bi. Sai aka fara tashi, a hankali, ba hayaniya. Ba 'yan jam'iyya kaɗai ba. Tsofaffin ɗaliban Malam da suka zo yi masa sauka suka rufe Alƙur'anansu. Maƙwabta suka sulale. Ƙannen Malam suka bi bayan baƙi suna ba da haƙuri.

Datti ya zo wucewa ta gabanta. Bai dube ta ba.

"Kin kyauta," ya ce, ya shiga bas.

Ko azahar ba a kira ba, ƙofar gidan Malam Abu ta zama wayam. Bara'atu ta waiga ta cikin zaure. Inna ta shige ɗaki, ta saki labule.

Ta sunkuya ta fara naɗe tabarmi.

Tana cikin haka wani tsoho ya iso a kan babur daga hanyar Gwaram. Ya kashe inji, ya duba rumfar.

"Baiwar Allah, nan ne gidan rasuwar Malam Abu? Na ga ba kowa."

"Nan ne, Baba. Ni 'yarsa ce, babbar."

Ta warware tabarmar da ke hannunta, ta shimfiɗa masa a inuwa.

Tsohon ya dubi tabarmar, ya dube ta. Bai sauko ba.

"To, Allah ya ba da haƙuri," ya ce. "Bari in jira mutanen gidan su dawo."