Ƙanen Damata Ya Hau Kujerar Alƙali

Damata tana tsame ganyen dawa daga tukunyar shinkafa da wake lokacin da rediyon shagon mai aski ya kira sunan ƙanenta. An ce gwamnati ta miƙa sunan lauya Ishawu Imoro domin a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu. Masu jiran turoturo, motar haya, a bakin titin unguwar Nima suka juyo suna kallonta. Ita kuwa ta ci gaba da juya abincinta kamar ba ta ji ba.

Ita ta rene shi. Iyayensu sun zo Ankara, babban birnin Gana, daga arewa, suka rasu yana ƙarami, ya tashi a hannunta. Da kokon safe da ƙosai ta riƙe shi a makaranta, a lokacin da mutanen unguwa ke ce mata za ta mai da yaro kafiri. Ya yi ƙoƙari har aka tura shi Ingila, ya dawo lauya, ya kama aiki da gwamnati. A shekarun farko duk Nima tana taƙama da shi. Abin ya lalace ne bara.

Mashud mahauci, a unguwar Maamobi, ya tara maza a gidansa ranar sunan 'yarsa. Wani ya kai ƙara cewa taron ƙin gwamnati ne, aka kwashe su tun ba a gama fiɗar rago ba. Ishawu ne ya tsaya wa gwamnati a kotu. Ya san gidan, ya san mutanen, yana yaro ya sha cin tuwo a tsakar gidan nan. Duk da haka ya miƙe da hular gashinsa ta lauyoyi ya ce wa alƙali babu wani suna, makirci ne. Aka ɗaure su. Mashud bai kai damina ba ya mutu a gidan yari.

Kafin la'asar matan jam'iyya mai mulki suka iso rumfar Damata da ganguna da fararen ƙyallaye, suka barbaɗa mata farar hoda a ka suna guɗa. A bayansu direbobin tasi suna ta gardama. Wani ya ce ko ba komai ɗan zango ne, unguwarmu ta 'yan arewa, yau an san mu ma mutane ne. Wani ya ce lada aka biya shi, ai manyan lauyoyi ma suna ta gunaguni an tsallake su an ɗauko yaro. Wani dattijo ya tofar da goro ya ce shi dai Allah ya raba shi da shari'a a gaban ɗan unguwarsu.

Da taron ya watse sai ga Azara, matar marigayi Mashud, goye da 'yarta. Ƙawar Damata ce tun suna 'yan mata, amma tun shari'ar ba su ƙara zama tare ba.

"Barka, Damata," in ji ta.

"Azara, ki zauna mana."

"Ba zama na zo ba. In kin gan shi ki ce masa yarinyar da ya ce ba a haifa ba ta fara tafiya."

Ta juya ta tafi. Damata ta ɗebi ruwa ta wanke hodar da ke kanta, ranar ba ta ƙarasa sayar da abincin ba.

Mijinta Jalilu kafinta ne, mutum marar yawan magana, shi ya sa in ya buɗe baki ake saurare. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya miƙe a harabar masallaci ya ce shi surukin Ishawu ne, kuma shi ne na farko da zai ce bai yarda ba. Ya ce a taru a je gidan sarkin zango a roƙe shi ya kai wa na sama maganar jama'a.

Labarin ya riga shi isa gida. Damata ta tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, kana so ka kashe mu ne? Wa ya aike ka?"

"Ni na wanke gawar Mashud," in ji Jalilu. "Na ga shatin duka a bayansa. Ke ba ki gani ba."

"Ƙanena ne fa."

"Na sani. Shi ya sa ya kamata maganar ta fito daga gidan nan."

Ba su ma isa gidan sarki ba. Samarin jam'iyya suka tare su a kan gadar babban kwata da sanduna, aka yi ta doke-doke har wasu suka faɗa cikin ruwan kwatar. Washegari, ana fitowa sallar asuba, motar 'yan sanda ta tsaya a bakin lungu. Suka tafi da Jalilu da wasu da suka bi shi. Ko takalmi ba su bar shi ya saka ba.

Damata ta ɗaura zanenta mai kyau ta nufi unguwar manyan ma'aikata inda Ishawu yake. Mai gadi ya daɗe yana mata tambayoyi kafin ya buɗe. Ta iske ƙanenta a falo, tela na gwada masa jar riga ta alƙalai. Da ya gan ta ya sallami telan, ya rufe taga, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba.

"Yaya, na ji."

"Tunda ka ji, sai ka sa a sake shi."

"Ba ta kotu ba ce. Tsarewa ce. Ba za a kawo shi gabana ba, ba za a kai shi gaban kowa ba."

"To kujerar da za su ba ka, ta mece ce?"

Ta lura ya rame, kuma yana yawan waiwayen ƙofa.

"Ishawu, kai ka san suna aka yi a gidan Mashud."

"Na sani." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "An kira ni an ce ɗan zango ake so ya tsaya, don kada a ce ƙabilanci ne. Da na ƙi, da tare da su za a rufe ni. Yanzu ma in na ambaci sunan Yaya Jalilu, za su ce da ni aka shirya."

"To ka ce ba ka son kujerar."

"Ba a cewa haka, Yaya."

Ya ce ta dawo gidansa da zama, akwai ɗaki a baya, ba wanda zai taɓa ta. Ta tsaya tana kallon jar rigar da ke rataye a kafaɗarsa, allurai na soke a hannunta. Ta so ta zage shi, ta so ta rungume shi, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce masa tana da gida, ta fita.

Aka rantsar da shi a ranar da aka tsayar. A Nima wasu suka yi kiɗa, wasu suka rufe shagunansu. Daga nan kasuwar Damata ta mutu. Dangin waɗanda aka ɗaure ba sa sayen abincin yayar alƙali, sauran kuma suna tsoron a gan su a rumfar matar wanda aka tsare. Abinci ya riƙa kwana yana tsami. Dole ta koma tashar manyan motoci a cikin gari, inda ba wanda ya san ko ita wacece, tana sayar wa 'yan dako da fasinjoji.

Azara ce ta fara shigowa gidan. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta gaya mata ranar da ake karɓar saƙo a ƙofar gidan yari, da irin abincin da ba ya saurin lalacewa, da gandiroban da bai kamata a yi masa gardama ba. Ta raka ta zuwan farko, suka wuni a layi cikin rana. Ba su yi maganar Ishawu ba, ranar ko bayanta.

Shekaru suka shuɗe a haka. Sai wata safiya aka ji sojoji sun karɓi mulki, aka buɗe gidajen yari. Jalilu ya dawo, wani ne ya riƙo masa hannu har ƙofar gida. Idanunsa sun tafi, hannayensa na karkarwa, ba ya iya riƙe ko guduma. Ba a jima ba sabuwar gwamnati ta sauke alƙalan da ta ce na tsohuwar ne, Ishawu yana ciki. Waɗanda suka yi masa kiɗa a da, su suka fi kowa zaginsa a bakin titi.

Wata rana da hantsi ya yi sallama a gidan, a ƙafa, ba mota. Matan gida suka kwashe yaransu suka shige ɗakuna. Jalilu yana zaune a tabarma ya gane muryar.

"Damata, ba baƙo kujera."

Ta kawo. Ishawu ya zauna a gefen kujerar, ya fara magana, ya ce ya zo ne, sai ya kasa ƙarasawa. Jalilu bai taimake shi ba. Ya juya fuskarsa wajen bango yana jan tasbaha. Suka zauna haka har inuwa ta janye daga tabarmar, sannan Ishawu ya miƙe ya ce sai an jima. Damata ba ta raka shi ba.

"Ya tafi?" in ji Jalilu.

"Ya tafi."

"Yaya kika gan shi?"

"Ya tsufa."

Jalilu ya gyaɗa kai. Kafin azumin shekarar ya rasu. Ranar jana'iza Ishawu ya zo ya tsaya a sahun ƙarshe, na kusa da shi suka matsa gefe. Damata tana cikin gida tare da mata, Azara ce ta raɗa mata cewa ya zo, yana tambaya ko zai iya shigowa ya yi mata gaisuwa. Damata ta ce a gaya masa ta ji, Allah ya ba da lada.