Mai Waya Ba Ta da Aiki

A gidansu Anisatu da ke zangon Salaga, duk wanda aka gani zaune da waya a hannu ba shi da aikin yi. Ita kuwa makarantarta kaf a cikin wayar take. Sakamakonta na sakandare bai kai ta kwalejin jinya ba, sai aka ce ta yi kwas na share fage ta intanet. In ta ci jarrabawar ƙarshe a ɗauke ta, in ta faɗi sai baɗi.

Malami na tsakiyar bayani, Mma, mahaifiyarta, za ta miƙo mata kwano ta kai niƙa. Maƙwabta ma sun gano akwai mai zaman banza, kowa ya kawo mata rainon ɗansa. Da ƙannenta masu yunifom ne, wa zai taɓa su? Ta yi bayani har ta gaji. Kullum addu'arta gidan ya yi shiru ko na yini ɗaya.

Sai ga sunan ɗan yayarta Sahada a Yendi ya faɗo ranar jarrabawar. Anisatu ta ce ba za ta je ba. Gwaggonta da ta taso tun daga Bawku ta ce boko bai shiga ba tukuna, girman kai ya riga shi. Mma kuwa sai ta cire ankon Anisatu daga jaka ta ajiye kan gado.

Mota ta tashi da safe. Shirun da ta roƙa ya zo, har ya yi mata yawa. Tana amsa tambayoyi tana waiwayen ƙofa, ko wani zai kira sunanta. Babu kowa sai awaki.

Da la'asar sakamako ya fito a wayar: ta ci. Ta miƙe da gudu zuwa tsakar gida, sannan ta tuna ba kowa a gidan. Kaɗaici ya kama ta sosai, ta zauna kan turmi ta kira Mma. Can kiɗa ke tashi, mata na shewa.

"Mma, na ci. Sun ɗauke ni."

"Ba na jin ki, hayaniya ta yi yawa paa. Mun ci, shinkafa ta isa kowa. Kin ba awaki ruwa?"

"Zan ba su."

Layin ya yanke. Ta ajiye wayar a kan turmin, ta ɗauki bokiti.