Yaran Aro

"Wannan kuma na wace ce?" Anti ta tambaya, tana kallon wani yaro mai majina da ƙanwarta Auta ta shigo da shi a kafaɗa.

"Na matar mai kanti ne. Ta ce mu riƙe shi har azahar, amma kar a ba shi madara, tana ɓata masa ciki."

Shi ne na goma sha ɗaya a cikin na aro. Gidan rainon Anti ɗakuna biyu ne a gaban gidan mijinta, da ɗan fili mai lilo ɗaya. Shekara guda da buɗewa, yara biyar kacal take da su. Ta buga takardun talla ta manna a turakun lantarki, ruwan sama ya wanke su. Ta zuba hotuna a guruf-guruf ɗin mata, aka yi ta "Allah ya sanya albarka", amma ko 'yar tsana ba wadda ta kawo. Maigidan ya gaji, ya ce ƙarshen wata zai ba tela hayar ɗakunan. Ana cikin haka shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin bayan layinsu ta aiko cewa tana neman inda ma'aikatanta za su riƙa ajiye 'ya'yansu, kuma yaran sun kai goma. Yau da ƙarfe goma za ta zo ta gani da idonta.

Dabarar aron Auta ce ta kawo ta. "Yaya, ke kin taɓa shiga gidan abinci kin ga kujeru wayam kin zauna? Mutum inda ya ga jama'a yake bi." Anti ta kwana biyu tana juya maganar, daga ƙarshe tsoron tela ya fi ƙarfinta. Tun da sassafe Auta take zagaya maƙwabta tana tattaro 'ya'yan mutane.

Inna, dattijuwar da ke taya ta raino, tana goge tabarma tana ƙunƙuni. "Ni dai nawa biyar ne na sani. Sauran in sun yi kashi, mai dabara ta wanke."

Goma saura kwata wurin ya rikice. Yaran aro ba su san ɗakin ba, ba su san Anti ba, ba su kuma ga dalilin da aka raba su da uwayensu da safen nan ba. Uku suna kuka a bakin ƙofa, biyu suna kokawa a kan motar roba. Yaranta biyar, waɗanda suka saba da shiru da waƙar safe, suka takure a lungu suna kallon baƙin. Anti ta buɗe baki za ta ce a mayar da rabi, sai aka ƙwanƙwasa get.

Sista, shugabar ma'aikatan jinyar, doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, sanye da farin takalmi, da littafi a hannu. Bayan gaisuwa ba ta karɓi kujerar da aka ba ta ba. Ta leƙa banɗaki, ta buɗe firij, ta taɓa katifun barci ɗaya bayan ɗaya. Nan dai Anti ba ta da fargaba, don tsafta kam ba a fi ta ba. Sai Sista ta tsugunna gaban yaron mai majina.

"Wannan ya sunansa?"

Anti ta kalli yaron, yaron ya kalle ta.

"Baba muke ce masa," Auta ta yi caraf ta amsa. "Sunan kakansa gare shi."

"Yaushe ya fara zuwa?"

"Bai daɗe ba," in ji Anti. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

Sista ta miƙe, ta bi kawunan da yatsa, laɓɓanta na motsi. "Goma sha shida. Ku nawa ke kula da su?"

"Mu uku."

Inna ta yi wani tari da ba na mura ba. Auta dai ɗaliba ce, yau ɗin ma daga aji ta gudo.

Sista ta rufe littafinta. "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, wurinki ya fi duk inda na duba tsafta. Amma kin cika. Namu jarirai ne, wasu wata huɗu, uwayensu kan wuni a tsaye ba sa iya leƙowa. Hannu muke nema. In na ƙara miki goma a kan waɗannan, wa zai ɗauki wa? Ni wurin da yara ba su da yawa nake so."

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara wa wata yarinya takalmin da ba abin da ya same shi. Anti kuwa tana auna zancen. In ta yi shiru, ta rasa. In ta yi magana, ta gaya wa matar da ke neman mai amana cewa da ƙarya ta tarbe ta.

Ta raka Sista zuwa get, tana harhaɗa kalmomi a ranta. Taku goma ne tsakanin ɗaki da get, ta yanke shawara a na bakwai. Za ta faɗa, abin da zai faru ya faru.

"Sista, akwai wata magana..."

Get ɗin ya buɗe da ƙarfi. Maman 'Yan Biyu ce, maƙwabciyarsu, mayafi a karkace, muryarta har ƙarshen layi.

"Anti, baƙuwar taki ta tafi? Ba ni nawa biyun, unguwa ta kama ni. In kina buƙatar su gobe ma sai ki turo Auta, ai an zama ɗaya." Sai a lokacin ta lura da farin takalmin. "Au. Sannu, Hajiya."

Daga ciki ana jin Inna tana raba faɗa.

Sista ta juyo a hankali. Babu fushi a fuskarta, kuma hakan ya fi yi wa Anti ciwo.

"Nawa ne naki?"

"Biyar."

"Ku nawa?"

"Ni da Inna."

Sista ta jinjina kai, ta dubi ɗakunan, ta dubi lilon, ta saka biro a aljihu.

"Da biyar ɗin kika nuna min, da yau na sa hannu."

Ta matsa gefe ta ba Maman 'Yan Biyu hanya, sannan ta fita ta ja get ɗin a hankali.