Kofin Ruwan Mai Aski

Tun ranar da likita ya yi masa bayani, mai aski bai ƙara yarda da hannunsa ba.

Babansa ne aka kai asibiti. Mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba, sai ga shi yana jifan Inna da kwano, kafaɗarsa na zabura ita kaɗai. Dangi suka ce tsufa ne ya ɓata masa hali. Likita ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwar, ya nuna wani wuri da biro.

"Ba halinsa ba ne, nan ne ke lalacewa. Ciwon gado ne, kowane ɗa zai iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Sau da yawa da zafin rai yake farawa. Gwajin jini zai nuna."

Yayarsa ta ba da jini. Shi ya ƙi, ya ƙirƙiro nasa gwajin. Kullum kafin ya buɗe shago sai ya cika kofi da ruwa taf, ya miƙe hannu riƙe da shi, ya ƙirga ɗari. In bai ɗiga ba, ya ɗauki reza.

Ran nan ruwa bai ɗiga ba. Da hantsi Dogo direba ya shigo, ya baje a kujera.

"Gyaran fuska, maigida. Amma kar ka ƙawata ni har matata ta kasa gane ni."

Ya shafa masa kumfa, ya kwantar masa da kai, maƙogwaro a sama. Reza na tafiya sumul.

"Ya jikin tsoho?" in ji Dogo, ido a rufe. "Har yanzu yana ta rawarsa ba kiɗa?"

Wani abu ya taso masa daga ciki, mai zafi, wanda bai san yana da shi ba. Yatsunsa suka matse reza. Jini ya ɓullo cikin farin kumfa, ɗan siriri.

"Kai! Yanka ni za ka yi?" Dogo ya yi dariya yana shafa wuya.

Shi bai yi dariya ba. Fushin ɗa ne wannan, ko wurin nan da likita ya nuna da biro? Kofin na kan teburi, cike taf, bai ce masa komai ba. A madubi ya ga idon Baba.

Da injin aski ya ƙarasa gemun. Ya zubar da ruwan, ya ja ƙofa ya kulle, mutum biyu na jira a benci.

A ɗakin gwajin jini ma'aikaciyar jinya ta ɗaure masa dantse.

"Miƙe hannu, ɗan'uwa. Kar ka motsa."

Ya zuba wa hannun ido, ya fara ƙirgawa.