Ba Fuskarsa Ba Ce

Da hantsi ne, ana yayyafi tun asuba, Iya ta hau matakalar ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu, tana hawa tana hutawa. A jakarta akwai littafin da aka rubuta kan jirgin saman da ya faɗi shekara arba'in da wani abu da suka wuce, wanda mijinta yake aikin raba wa fasinja abinci a ciki. A shafin ma'aikatan jirgin an sa sunansa daidai, amma fuskar da ke saman sunan ba tasa ba ce. Wani ne can mai faɗin goshi da gashin baki.

Ita ba ta da hotonsa. Guda ɗayan da suka ɗauka ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. 'Yarsu kuwa tana goye aka yi hatsarin, ba ta san uban ba. Da littafin ya fito sai 'yar ta sa aka ƙara girman hoton, ta rataye a falonta, yara suna nuna shi suna cewa Kaka. Duk sanda Iya ta ce ba shi ba ne, sai 'yar ta ce, "Iya, littafi uku fa suka sa shi. Kin dai sha maganinki yau?" Har Iya ta rage zuwa gidan, don ba ta jin daɗin zama a ƙarƙashin baƙo.

Marubucin littafin ne ya ce su haɗu a nan, don za a sake bugawa. Ta same shi a dogon tebur kusa da taga, ya miƙe ya ja mata kujera.

"Sannu da ruwa, Iya. Sai dai in faɗa miki tun yanzu, ba na gyara abu da bakin mutum ɗaya. Sai na samu shaida ta biyu."

"Ni da na haifa masa 'ya, ni ce bakin mutum ɗaya?"

"A wurin aikin nan, haka ne."

"To kai ka taɓa ganinsa?"

"Ko rarrafe ban fara ba lokacin," in ji shi, yana murmushi. "A wani littafi na ɗauko hoton. Da na bi sawu, shi ma wancan a wani ya ɗauko. Mu ukun ashe baki ɗaya ne. Shi ya sa na nemi jaridar da ta fara bugawa."

Mai kula da ɗakin, wata mata mai tabarau da ba ta cika magana ba, ta turo wani ƙaton kundin jaridu a kan keken turawa. Ta buɗe shi a hankali, takardun sun yi ja, suna warin daɗewa.

Ashe hoton asali ba na mutum ɗaya ba ne. Ma'aikatan ne gaba ɗaya a jere a gaban jirgin, an rubuta sunayensu a ƙasa, daga hagu zuwa dama. Sunan mijinta ne na farko. Mai gashin bakin ne a farkon hagu.

Iya ba ta ma kalle shi ba. Idonta ya wuce can ƙarshen dama, inda wani siriri yake tsaye ya ɗan karkata.

"Ga shi nan," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Takalmin aikin ne yake matse shi. Na ce ya canza, ya ce sai an yi albashi."

Marubucin ya ci gaba da duban hoton. Ta san abin da hakan yake nufi: har yanzu bakinta ne kaɗai. Ta naɗe hannuwanta a cinya, tana jin ruwa yana ɗiga a bakin taga. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya bi huluna, ya hau jikin jirgin. A nan ya tsaya, ya daɗe.

"Iya, duba rubutun jikin jirgin."

"Ɗana, ni da babban rubutu ma sai da tabarau."

"A juye yake, kamar a madubi. Masu bugun jarida ne suka kifa fim ɗin ta baya, na hagu ya koma dama. Sunayen kuwa suna nan yadda aka jera su. Duk wanda ya yanko hoto daga nan, fuskar wani ya yanko." Ya ajiye gilashin. "Shaida ta biyu ke nan. Zan gyara."

Iya ta gyaɗa kai. Ta ɗauka ranar da aka yarda da ita za ta ji daɗi, sai ta ji kawai ta gaji.

"Shi ma bawan Allahn nan mai gashin baki, ka mayar masa da sunansa. Wataƙila wata tana can ana ce mata ta sha magani."

"Duka zan gyara. Amma sai baɗi littafin zai fito."

"Baɗi," ta maimaita. "Yarinyar nan kuwa sai ta gani a takarda."

Ya tattara kayansa ya yi mata sallama, yana da wani zaman. Iya ta matso da kujera, ta jawo gilashin da ya bari. Fuskar ba ta fi ɗan yatsa ba, duk ta zama ɗigo-ɗigo, amma kunnuwan nasa ne. Ta ga ashe yaro ne ƙarami, jikanta na fari ma ya kusa kai shi.

Mai kula da ɗakin ta zo rufe kundin, ta tsaya. Ta ga wayar Iya a gefen jaka. Ta ɗauka, ta ɗauki hoton siririn, ta ɗauki rubutun da ke juye, ta ɗauki jerin sunayen, ta mayar da wayar inda take. Iya ba ta ko ɗago kai ba. Matar ta bar kundin a buɗe ta koma teburinta.