Takunkumin Jikin Kwali

Jan rubutu ya tsaya cak a kwamfutar Mukarrama, ga motar kaya tana ta huci a ƙofar masana'antar da ke bayan garin Ikara. Maganin feshi suke haɗawa, su sayar wa manoma a ƙunshi ɗaya: magani, kofin awo, safar hannu da takunkumin rufe hanci. Duk ƙunshin da aka yi oda, manhajar kwamfutar sai ta warware shi, ta leƙa sito, ta faɗi abin da za a sayo. Yau takunkumi ya ƙare, manhajar kuwa ta kafe ba ta sakin kwali ko ɗaya.

Manaja Tukur ya leƙo, yana kaɗa makullin mota.

"Cire takunkumin daga cikin ƙunshin, ki sallami mutane."

"Ranka ya daɗe, in na cire shi, ba za ta sake cewa a sayo ba fa."

"To wa ya tambaye ta? Manomi da rawaninsa yake toshe hanci tun ba a haife ki ba."

Mukarrama ta tuna 'yan mata nawa ke neman kujerar nan. Ta danna. Jan ya koma kore. Abin haushi, ko gardama na'urar ba ta yi ba. Daga ranar na'urar ta manta akwai wani abu wai shi takunkumi, kowa ma ya bi sahunta.

*

Damina ta yi nisa sa'ad da aka kira Mukarrama daga Hunkuyi: Baba ya faɗi wajen feshi a gonar tumatir, yana amai.

Ta same shi kwance a asibiti, numfashinsa kamar ana jan zarto. Mahaifin nata ke nan, Malam Sada, wanda duk majalisar da ya zauna sai ya yi alfahari da aikin 'yarsa.

"Na kamfaninku na saya, uwata," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi. "Na ce abin da ya bi ta hannunki ai ba ya cutarwa."



Babu wuta, ɗakin ya ɗau zafi. Inna ta miƙo mata yagaggen kwalin maganin ta yi masa fifita. A jikinsa akwai hoton wani manomi, hancinsa a rufe ruf da farin takunkumi. Ta juya hoton ƙasa, ta ci gaba da fifitar.